Fenti Ba Ya Maganin Tsatsa: Abin Da Motar Marayuna Ta Koya Mini

Na san wata za ta ga kan wannan rubutu ta ce, me ya haɗa uwar 'ya'ya da walda da fentin mota? To 'yar uwa, ni ma da haka nake cewa, har ranar da Allah Ya ɗora mini abin da ban taɓa zato ba. Ki ɗan ara mini hankalinki.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa da rahama, direba ne a nan Kano. A shekarar 2004 ya sayi bas ƙirar Toyota Hiace, wadda muke kira Hayis, 'yar Kwatano, wato sai da ta gama aiki a Turai sannan aka kawo ta. Shekara 10 da ita ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, ya biya kuɗin makarantar yaranmu biyar. Da ya rasu a 2014, sai aka ajiye ta a gindin darbejiyar da ke ƙofar gida. Na gama takaba na fita, amma ko kallon motar ba na iya yi, don kullum gani nake kamar zai buɗe ƙofa ya sauko. Damina biyu ta yi a wurin, ganye ya cika samanta, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki.

Da aka zo rabon gado, ni aka fitar mini da tumunina, motar kuwa ta faɗa cikin rabon yara. Baffansu ya kawo shawarar a sayar wa 'yan gwangwan, su da suke sayen ƙarfe a kan sikeli. Ban ga laifinsa ba, don duk wanda ya ga motar abin da zai faɗa ke nan. Amma na yi lissafi, na ga kuɗin da za su bayar ko shekara ba za su kai mu ba. Na ce masa, "Baffan yara, dukiyar marayu ce, idan aka sayar aka cinye, me za mu nuna musu ranar da suka girma? Ka ba ni dama in gyara da kuɗina, ta riƙa kawo musu wani abu." Ya yi shiru, can ya ce, "Allah Ya sa albarka."

A nan ne na yi kuskuren da nake so ki guje masa. A 2016 bakanike ya tayar da injin ba tare da wahala ba, sai batun jiki. Mutum biyu suka yi mini kuɗin aiki. Na farko ya ce wata biyu zai yi, kuma kuɗinsa ya ninka na ɗayan har da ɗoriya. Na biyu ya ce kwana 10 sun ishe shi. Na zaɓi mai araha, na manta Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ban taɓa taka garejin ba, kuɗi kawai nake aikawa. Ranar da aka kawo ta tana ƙyalli, maƙwabta suka fito ana ta barka, ni kuwa har da hawaye. Muka samu direba, muka shirya da iyayen unguwa ya riƙa kai yara makaranta yana ɗauko su, ana biya duk wata.

Damina ɗaya kacal ta wuce, sai na fara ganin fentin yana kumbura a bakin tayoyi da ƙasan ƙofofi, kamar bororon ƙuna. Na ce ai ado ne kawai ya lalace. Wata safiya a ƙarshen daminar 2017, autata, tana da shekara 7 a lokacin, ta taka matakin ƙofar gefe za ta shiga, sai wurin ya burma da ƙafarta. Ƙarfe ya yanke mata ƙwauri, sai da aka yi mata ɗinki da allurar tetanus. A daren nan ban runtsa ba. Tunanina shi ne, da a kan titi ne ƙasan motar ya burma, ga 'ya'yan mutane a ciki, me zan ce wa iyayensu? Me zan ce wa Allah?

Washegari na sa hijabina, na riƙe hannun babban ɗana, muka tafi wurin mai aikin farko da na gudu saboda tsada, wani dattijo da ya san marigayi. Bai yi mini gori ba. Ya ɗauko mayen ƙarfe ya miƙa wa yaron, ya ce ya bi jikin motar da shi. Wani wurin ya kama, wani wurin kuwa ya faɗo ƙasa. Ya ce, "Hajiya, duk inda bai kama ba, babu ƙarfe a kusa, fila ce aka laɓta." Fila wani ƙulli ne da ake shafawa ya daskare, amfaninsa cike 'yar lotsawa don fenti ya kwanta sumul. Shi kuwa wancan da ita ya toshe ramuka, har da tsumman buhu a bayanta. Dattijon ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar ya soka sukundireba, sai ga hasken rana.

Na ce, "Baba, me ya ci ta haka?" Ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayani. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, kuma gishiri yana ƙara mata sauri. A ƙasashen Turai masu ƙanƙara ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi, shi ya sa wasu motocin da ake kawowa daga can sukan zo da cutar a ƙarƙashinsu. Sannan ganyen darbejiyar nan ya toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya fita, ruwa ya kwanta a cikin ƙofofi da gefen gilashi har damina biyu. Ya ce, "Tsatsa daga ciki take ci. Idan kika rufe ta da fenti, kin ba ta ɗaki ne ta yi aikinta ba mai gani. Maganinta ɗaya, a yanke."

Na kwashi adashina, na sayar da 'yan kunnena na gwal, aka fara aiki. Wannan karon duk Asabar sai na je, gani ya kori ji. An fara cire kujeru da gilasai da batir, aka sauke tankin mai, domin wuta da fetur ba sa zama wuri ɗaya. Ya duba manyan ƙarafan da ke ɗauke da motar daga ƙasa, ya ce da su ne suka ruɓe da ya ce in haƙura, amma alhamdulillahi da sauransu. Aka sayo fallayen ƙarfe a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Duk inda ya ruɓe sai ya yanke har sai ya kai ga ƙarfe mai haske, ya auna sabo, ya buga shi ya yi siffar wurin, sannan ya yi walda. Na lura ba ya jan waldar a tafi ɗaya, ɗigo-ɗigo yake yi yana tsallakawa. Ya ce idan zafi ya yi yawa a wuri guda, fallen zai lanƙwashe. Ranar da na ga motar duk ramuka kamar rariya, gabana ya faɗi, na ce na kashe kuɗin banza. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yau ce ranar da ta fi lafiya tun da ta zo ƙasar nan."

Bayan walda aka goge wuraren ɗinkin, aka shafa jan fentin da ke hana tsatsa ciki da waje, aka bi ƙarƙashinta da baƙin fenti mai kauri. Sai a lokacin aka taɓa fila, ita ma shafi kaɗan. Daga nan aka kankare tsohon fenti, aka fesa na share fage da suke kira faraima, aka goge da samfefa mai laushi ana zuba ruwa, aka sake fesawa. Aikin ya faɗo cikin hunturu, don haka mai fentin ya ƙi yi a fili, ya ce ƙura za ta manne. A rufaffen wuri ya yi, bayan ya yayyafa ruwa a ƙasa, yana fesawa yana jira ya sha iska kafin ya ƙara. Na ce a bar ta da farin da take da shi, don shi ne a rubuce a takardunta, kuma da shi yara suka san motar babansu. Feshin kwana biyu ya ɗauka, shirinsa kuwa ya ci mako bakwai.

A farkon 2018 ta dawo gida. Yau babban ɗana ne yake jan ta, kuma da abin da take kawowa biyu suka gama sakandare, aka yi wa ɗaya kayan ɗaki. Duk abin da ya shigo da wanda ya fita ina rubutawa a littafi, ina nuna wa baffansu, saboda Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i ya yi gargaɗi mai tsanani game da dukiyar maraya. Mun yi mata rumfar kwano, kuma duk ƙarshen damina sai an wanke ƙarƙashinta, an ɗaga shimfiɗa an duba.

'Yar uwa, idan akwai abin hawan da gidanku yake ci da shi, kada ki ce wannan sha'anin maza ne kawai. Ki tambayi maigida cikin ladabi, ki san inda kuɗi suke tafiya tun yana raye, don ni sai da ƙasa ta rufe idonsa na fara koyo. Idan kika ga fenti ya fara kumbura, a kai ta tun wurin yana kamar tafin hannu. Idan za a saya muku tsohuwa, a je da mayen ƙarfe, a leƙa ƙarƙashi, kada ƙyalli ya ruɗe ku. Idan kuma mai gyara ya yi alkawarin gamawa cikin kwanaki kaɗan, a tambaye shi, yanka zai yi ko rufewa?

Tabon yana nan a ƙwaurin autata, kuma duk ranar da na gan shi sai na yi istigfari. Allah Ya jiƙan mazajenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amana.