Hannun Makaɗi: Daga Banjon Amurka Zuwa Garayar Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya leƙa ɗakunan karatu na jami'o'inmu zai tarar da kundaye jibge a kan waƙoƙin baka na Hausa. An yi nazarin jigo, an yi na zubi da tsari, an tsefe kirari da zambo da habaici. To amma akwai wani sashe na makaɗi wanda alƙalaminmu bai cika kaiwa gare shi ba, wato hannunsa. Mukan rubuta abin da baki ya faɗa, mu bar abin da yatsu suka yi, alhali kuwa a ƙasar Hausa makaɗi ake fara kiran mutum kafin a kira shi mawaƙi. Wannan shi ne abin da muke son mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, kuma za mu bi ta doguwar hanya, har ƙasar Amurka, kafin mu dawo gida.

Mu da muka tashi a tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan ba baƙin kiɗan tsirkiya ba ne. Idan kaka ta yi, aka shiga saran rake da dafa mazarƙwaila, kuɗi suka zauna a aljihun manoma, to lokacin bukukuwa ya zo ke nan. A nan za ka ga mai garaya yana biye da maharba, can ga mai gurmi a dandalin kokawa, a tashar mota kuma ga mai kuntigi yana zagaya direbobi. Da dare Rediyon Kaduna ya ɗora daga inda suka tsaya. Ƙasar Makarfi ma ta fitar da nata gwanin, Alhaji Shehu Ajilo na Ɗanguzuri, wanda sunansa ya zaga ƙasar Hausa. Dattawanmu kan gane makaɗi a rediyo tun kafin ya buɗe baki. Amma idan ka tambaye su ta yaya suka gane, amsar ba ta wuce, "Ai hannunsa daban ne." Daga nan magana ta ƙare. Ilmin yana nan a kunne, sai dai ba shi da suna, balle ya shiga takarda.

Abin da ya sa muka ɗauko misalin banjo shi ne mutanensa sun yi wa wannan "daban" ɗin suna. Banjo abin kiɗa ne mai doguwar sanda da zagayayyen ciki wanda aka rufe kamar bakin ganga. Wanda aka fi sani yau tsirkiya biyar gare shi, huɗu dogaye, ta biyar gajeruwa wadda babban yatsa ke bugawa. Bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan cikin ƙarni na 17, da duma da fata da sanda. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya ga irinsa a Jamaika, zanensa kuma ya fito a littafin da ya buga a 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya rubuta a 1781 cewa baƙar fata ne suka zo da shi daga Afirka. Masu binciken asalinsa kan ambaci akontin na ƙabilar Jola da ke Gambiya da Senegal, da ngoni na Mali, har da gurminmu, domin shi ma cikinsa na ƙwarya ne kuma sandarsa ta ratsa cikin ta fita. Wato dai dangi ne da suka rabu da daɗewa.

Tsohon salon buga banjo shi ne a dunƙule hannu, a kai wa tsirkiya sara zuwa ƙasa da bayan farcen yatsa ɗaya, sannan babban yatsa ya kama gajeruwar tsirkiyar nan. Haka Jola ke buga akontin har yau. Wannan salo ya daɗe a ƙauyukan kudancin Amurka, kuma har yanzu yana da masoya. Amma kiɗan da ake kira bulugiras da wani salo dabam ya tashi. Bill Monroe, mutumin jihar Kentucky, shi ne ya sa wa ƙungiyarsa ta kiɗa laƙabin jihar tasu, wanda ya samo asali daga wata ciyawa, daga baya kiɗan gaba ɗaya ya ɗauki sunan. A cikin wannan kiɗa manyan salon banjo uku ne, kuma kowanne da sunan mutum ake kiransa.

Na farko shi ne na Earl Scruggs, wanda aka haifa a Karolina ta Arewa a 1924, ya shiga ƙungiyar Monroe a watan Disamba na 1945. Shi yatsu uku yake amfani da su, babban yatsa da manuniya da na tsakiya, kowanne da farcen da aka saka masa, na roba a babban yatsa, na ƙarfe a sauran biyun. Yatsun suna karɓa-karɓa ne cikin zagaye mai bugu takwas, sau da yawa a rabe uku, uku, biyu, suna ta maimaitawa ba tsayawa. Karin waƙar yana ɓoye a tsakiyar wannan ruwan bugu, mai kiɗa yana ɗan ƙarfafa bugun da ke ɗauke da shi don kunne ya tsince shi. Ƙarfin wannan salo shi ne gudu da motsa jiki. Rauninsa kuwa shi ne ba ya kawo karin waƙa cikakke, sai dai ya kawo manyan gaɓoɓinsa ya cike sauran da ado.

Na biyu shi ne na Don Reno, wanda ya gaji Scruggs a ƙungiyar Monroe a 1948. Ya iya salon yatsu uku tun yana yaro, amma da ya dawo daga aikin soja sai ya tarar mutane sun riga sun jingina salon ga Scruggs, duk abin da ya kaɗa a ce kwaikwayo ne. Sai ya nemi tasa hanyar. Ya koma buga tsirkiya ɗaya sau da yawa a jere, babban yatsa da manuniya suna musayar bugu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kamar yadda ake yi wa jita, hannun hagu kuma yana yawo a kan sanda. Sautin yana fita tsinke-tsinke, kowane bugu a rarrabe, kuma yana ba mai kiɗa damar zuwa duk inda ya ga dama. Sai dai ya rasa wani abu na amon da banjo ke yi idan tsirkiyoyi da yawa suna kuka tare.

Na uku shi ne na Bill Keith, wanda ya yi aiki da Monroe a 1963, ko da yake wani makaɗi mai suna Bobby Thompson shi ma ya gano irinsa a nasa gefen. Matsalar da Keith ya so warwarewa ita ce yadda banjo zai kawo kiɗan gogen Turawa daidai, ba ragi ba ƙari. Dabararsa ita ce kada a bugi tsirkiya ɗaya sau biyu a jere: kowane sauti a nemo shi a wata tsirkiya dabam, wata a danne, wata a sake. Sai kiɗan ya riƙa gangarowa sumul kamar ruwa a kwalbati. Masu sukar salon sukan ce yana da daɗin ji amma ba ya tayar da mai rawa kamar na Scruggs. Yawancin gwanayen yau gauraya ukun suke yi, kowanne a inda ya fi dacewa.

Yanzu bari mu dawo gida da wannan ma'auni. Masu iya magana sun ce kama da Wane ba Wane ba ne, don haka ba muna cewa wani ya koya daga wani ba ne. Abin da muke cewa shi ne matsalolin da hannu ke fuskanta a kan tsirkiya iri ɗaya ne a ko'ina, kuma makaɗanmu sun daɗe da samo nasu amsoshin.

Ɗauki garaya. Tsirkiya biyu gare ta, ana karta ta da guntun busasshiyar fata, masu gora suna kaɗawa a gefe. Aikinta shi ne ta kama ɗan gajeren take ta yi ta juya shi da sauri har ya shiga jikin mai saurare. Maharbi yana da takensa, haka nan a wajen 'yan bori kowane iska da nasa. Wanda ya san taken yana jin maganar da ke cikinsa, wanda bai sani ba gudun kawai yake ji. A kunnenmu wannan ita ce 'yar'uwar hanyar Scruggs, inda magana ke ɓoye cikin maimaici, kuma maimaicin ne ke ɗauke da ƙarfin.

Ɗauki kuntigi. Tsirkiya ɗaya ce tak a kan ɗan gwangwanin da aka rufe da fata. Abin da Reno ya zaɓa don ya bambanta da wani, shi mai kuntigi dole ce ta sa shi, domin ba shi da wata tsirkiyar da zai gudu gare ta. Duk hawa da saukar sauti daga yatsun hagu suke fitowa, duk kari da gudu daga hannun dama. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, da wannan 'yar tsirkiya ya zaga duniya. Wanda ya saurari waƙar Karen Mota da kunnen basira zai ji yadda kuntigin ke cike gurbin 'yan amshi, yana karɓa duk inda murya ta ajiye.

Sai gurmi, wanda ake taɓawa da yatsu, muryarsa kuma ta fi ta sauran taushi da zurfi saboda ƙwaryar. A hannun gwani irin Alhaji Haruna Uji na Haɗeja, gurmi yakan bi muryar mawaƙi sau da ƙafa, ya faɗi abin da ya faɗa, wani lokaci ma ya riga shi. A nan akwai abin da muka fi Amurkawa sauƙi da kuma wahala a lokaci guda. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau ko ta sauka ko ta faɗi. Saboda haka idan tsirkiya ta bi karin kalmomi daidai, magana take yi, idan ta kuskure kuma kunnen Bahaushe zai kama ta nan take. Abin da Keith ya sha wahala ya nemo don ya bi goge, mai gurmi yana yin irinsa don ya bi harshen uwarsa. Ga kuma molo mai tsirkiya uku da dogon ciki na itace, wanda shi ma yana jiran mai bayyana hannunsa.

To, me ya sa yaro a kowace ƙasa zai iya zama ya koyi hannun Scruggs, wanda ya rasu tun 2012, amma jikan mai garaya a Hunkuyi ko Paki ko Gubuci ba shi da inda zai duba hannun kakansa? Amsar ita ce rubutu. Bill Keith ya zauna da fayafayen Scruggs yana saurare yana rubuta kowane bugu, a kan layuka biyar da ke wakiltar tsirkiya biyar, da lamba mai nuna inda za a danne. Wannan aiki ne ya shiga cikin littafin koyar da banjo da Scruggs ya fitar a 1968. Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa a 1971, bayan bincike a ƙasashen Zazzau da Katsina, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa tarihin makaɗa da nazarin waƙar baka hidimar da ba za a manta ba. Harsashi yana nan. Abin da ya rage shi ne bayanin hannun mutum ɗaya ɗaya.

Lokaci kuwa ba ya jiran mu. Tun daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyano ta karɓe yawancin bukukuwa, a yau kuma kwamfuta ce ke haɗa kiɗan. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun kama wasu sana'o'in, ba kuma za a zarge su ba, domin kowa abin da zai ci yake nema. Kaset da wayar hannu suna adana sauti, amma ba sa gaya maka wane yatsa ya yi shi, ko daga wa aka koya, ko me ake kiran bugun. Ranar da aka binne makaɗi, da wannan ilmin ake binne shi.

Mun san wasu 'yan'uwa za su ce ina ruwan marubuci da kiɗa, musamman irin na bori. Amsarmu ita ce rubuta abu ba shiga cikinsa ba ne. Malaman tarihi sun rubuta labarin tsafin Dala ba tare da sun yi tsafi ba. Wasu kuma za su ce kayanmu ba su da ƙarafan nan da ke gicciye a sandar banjo, waɗanda ake ƙirgawa a ba su lamba. Gaskiya ne, amma muna da harshe, muna kuma da wayar da ke ɗaukar hoton yatsu yayin da suke aiki.

Shawararmu ga kowane ɗan ƙungiya, musamman masu tasowa da ke neman abin rubutawa, ita ce ya nemi makaɗin tsirkiya ɗaya a yankinsa, ya je da ladabi da goron da ya dace. Ya tambaye shi sunan kowane sashe na abin kiɗansa, da irin fatar da ke kai, da abin da aka yi tsirkiya da shi. Ya tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wancan wa ya koya masa. Ya roƙe shi ya kaɗa take ɗaya a hankali, ya lura da yatsan da ke fara bugu, da inda yake sauka, da ko sama yake ja ko ƙasa yake sara. Ya tambaye shi inda hannunsa ya bambanta da na maigidansa, kuma ya rubuta amsar da kalmomin makaɗin kansa, domin a cikinsu ne sunayen salon da muke nema suke. Shafi biyu ma sun isa a aiko wa wannan mujalla.

Idan mutum goma daga cikinmu suka yi haka, fitowa huɗu ta shekara ba za ta rasa abin bugawa ba, kuma na baya za su sami abin da za su ɗora a kai. Allah Ya ji ƙan makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon zama da waɗanda suka rage tun hannuwansu na motsi, amin.