Sallahun Kakata Ga Sojan Idumota

Ranar da zan baro gida zuwa Ikko karatu, kowa da irin sallahun da ya ba ni. Mahaifiyata ta ce in riƙe salla, in guji abokan banza. Ƙannena kuwa ba su da zance sai na tsaraba. Da na shiga ɗakin kakata domin yi mata sallama, sai ta kamo hannuna ta ce, "Maigida, in Allah ya kai ka lafiya, ka je Idumota ka gaishe mini da sojan nan." Na yi dariya, don na ɗauka wasan jika da kaka ne irin wanda muka saba. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Bari in ɗan koma da kai baya, ya mai karatu. Marigayi kakana yana cikin dubban samarin Arewa da Turawa suka ɗiba aikin soja lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. An kai su ƙasar Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa cikin dazuzzuka a shekarun 1944 da 1945. Da ya dawo aka sallame shi, sai ya kama fataucin goro tsakanin Agege da Kano. Kakata, wadda ita ce amaryarsa ta ƙarshe, ta ce duk zuwan da zai yi Kudu sai ya ratsa ta Idumota, inda Turawa suka kafa mutum-mutumin soja na tagulla domin tunawa da 'yan ƙasa da suka mutu a yaƙi. Wai yakan tsaya gabansa ya ƙame ya sara masa, ya ce duk ƙasar nan babu wanda ya tuna da abokansa da aka binne a Bama sai wannan. Hoton kakana guda ɗaya tak ya rage a gidanmu, shi ma gara ta cinye shi tun kafin a haife ni. Don haka a wurin tsohuwar nan, sojan Idumota shi ne abin da ya fi kusa da kamannin mijinta, alhali ita ba ta taɓa ganinsa ba.

Baffana ne ya rako ni, domin ya shekara fiye da 20 yana harkar gwari a kasuwar Mile 12. Da asuba motarmu ta shigo ta hanyar Ibadan, sai na hango wasu dattawa uku farare fat a gefen titi, da fararen huluna, sun ɗaura zane a kafaɗa, sun dunƙule hannu kamar masu yi wa sarki jinjina. Na zungure shi na ce, "Baffa, su wane ne waɗancan?" Sai ya kawar da kai ya ce, "A'uzu billahi! Gumakansu ne. Kai dai karatu ka zo yi." Daga baya ne na san cewa hakimai ne masu farar hula na masarautar Ikko, wani mai sassaƙa Bodun Shodeinde ya yi su a 1991, tsayinsu ya haura ƙafa 12, kuma aikinsu kawai yi wa baƙo maraba. Ashe gaishe mu suka yi, muka ƙi amsawa.

Ban ga laifin Baffa ba, domin da haka aka raine mu duka. Tun muna makarantar allo muke jin cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da siffar mai rai, kuma malamanmu sun tsananta a kan sassaƙa surar mutum fiye da zanen hoto a takarda. Shi ya sa in ka zagaya biranenmu, abin da za ka fi gani a shataletale shi ne ƙwarya da ludayi, ko kakaki, ko dagin Arewa, ko allo, ko siffar ƙofar gari. Ba wai ba mu san ado ba ne. Duk wanda ya dubi zanen da magina ke yi a fuskar soraye na Zariya da Kano ya san akwai gwanaye. Mutum ne dai ba mu kafawa.

Abin ya fara yi mini tsaye a rai ne ranar da wata 'yar ajinmu Bayarbiya, cikin masu koyon Hausa a sashenmu, ta nuna mini hoton mutum-mutumin Herbert Macaulay da ke Yaba ta ce, "Malam, yaya ake kiran wannan da Hausa?" Bakina ya buɗe zai ce gunki, sai na kama shi. Gunki ai abin bauta ne, irin Tsumburbura da tarihin Kano ya ce Barbushe na yi wa hidima a gindin Dala. Macaulay kuwa ɗan siyasa ne, wanda ma a Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946 yana rangadin jam'iyyarsa, aka dawo da shi Ikko ya rasu. Babu mai yanka masa ko ɗan tsako. Na ce mata mutum-mutumi. Sai dai ita ma wannan kalma da tata matsalar, domin da ita muke kiran tsumman da ake rataya wa kara a gona don korar tsuntsaye. Wato harshenmu ya ba mu zaɓi biyu ne kawai, ko abin tsoro ko abin dariya. Na daɗe ina juya wannan magana.

Su kansu mutanen Ikko ba bakinsu ɗaya ba a kan waɗannan abubuwa, kada mai karatu ya zaci haka. Dattawan nan uku an taɓa cinna musu wuta. A 2017 da aka buɗe sabon mutum-mutumin Awolowo a Ikeja, wanda aka yi shi zaune kan kujera, surutu ya yi yawa a kan takalmin da aka sa masa mai igiya, wai bai dace da babbar riga ba. A shekarar ce kuma aka kafa na Fela a shataletalen Allen, jiki ba kai, hannuwa a sama, amma daga baya aka cire shi domin gyaran hanya. Akwai kuma na Sango riƙe da gatarinsa, wanda Ben Enwonwu ya yi a 1964 a gaban ofishin hukumar lantarki da ke Marina. Wannan kam ko ni sai da na yi ta'awwuzi, domin Sango abin bauta ne a addinin gargajiyar Yarbawa, ko da yake ma'aikata na wucewa ta gabansa safe da yamma ba mai ko ɗaga kai.

Sai da na yi wata huɗu kafin in samu zuwa Idumota. Wanda bai taɓa shiga wannan kasuwa ba, ba zai gane abin da ake nufi da cinkoso ba: danfo na hon, 'yan dako na ihu a ba su hanya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ga zafi kamar a tanda. Na tambayi wani yaro mai sayar da wayar caji ina soja yake, ya nuna mini wani ɗan sanda. Na tambayi mutum na biyu, ya ce bai sani ba. Wani dattijo mai faci ne ya gane abin da nake nufi. Ya yi dariya ya ce, "Soja Idumota? Ai an ɗauke shi tun kafin a haife ka." Ya nuna mini wurin. Abin da na tarar shi ne mutum-mutumin Eyo, dodon gargajiyar mutanen Ikko, lulluɓe da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, da malfa da doguwar sanda, ba a ganin fuskarsa.

Ban san lokacin da idona ya cika da ƙwalla ba, ni da na zo ina ganin abin kamar wasa. Na tuna malaminmu na tarihi ya taɓa gaya mana cewa asalin rundunar sojan Nijeriya a nan Ikko ne, a 1863, lokacin da wani Bature Glover ya tara wasu Hausawa 18 ya ba su bindiga, har aka riƙa kiran rundunar da sunan Hausawan Glover. Ga shi yau jikan ɗaya daga cikin magadansu yana tsaye a tsakiyar kasuwa yana neman inda zai ajiye gaisuwa, babu.

Wani abokina da ya ga na dawo jiki a sanyaye, sai ya ja ni washegari zuwa babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. A can na ga Sarauniya Amina ta Zazzau bisa doki, takobi a zare. Na asalin Ben Ekanem ne ya yi shi a 1975, ruwa da rana suka lalata shi, aka sake wani a 2014. Tun ina firamare nake jin labarin Amina da ganuwowinta, amma sai da na yi tafiyar kwana guda zuwa bakin teku, cikin mutanen da ba su jin harshenta, kafin in ga an ɗaga ta sama haka. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, ban san wanne ya fi yawa ba. Na tsaya a gindinta aka ɗauke ni hoto.

Hoton nan shi ya jawo mini. Na tura wa ƙanwata, ita kuma ta nuna wa kowa, kafin kwana biyu Baffa ya kira ni Mile 12. Ya ce, "Yanzu kai da aka turo karatun Hausa, gumaka ka koma bi?" Na durƙusa na ce, "Baffa, ka gafarce ni, ba bauta na je yi ba, tarihi na je gani." Ya ce ai mutanen Annabi Nuhu ma da tunawa da mutanen kirki suka fara. Na yi shiru, domin maganarsa tana da tushe, kuma na san ko a Kano, shataletalen gidan gwamnati da aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50, wanda babu siffar mutum ko ɗaya a jikinsa, sai da aka rushe shi a 2023, cikin dalilan da aka bayar har da cewa akwai alamar kuros a zanensa. Balle kuma mace a kan doki. Har yau ban yarda na yi saɓo ba, amma na goge hoton daga wayar ƙanwata, na bar shi a tawa.

Da aka yi hutu na koma gida, tun kafin in ajiye jaka kakata ta aiko a kira ni. Duk tsawon hanya ina shirya abin da zan faɗa mata. Na yi tunanin in ce na gan shi yana nan lafiya, tunda ba zuwa za ta yi ba. Amma da na zauna a bakin gadonta sai na kasa. Na ce, "Hajiya, na je, amma an ɗauke shi." Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Ka dai tsaya a wurin?" Na ce na tsaya. Ta ce, "Ka sara?" Na ce a'a, mutane sun yi yawa, kunya ta kama ni. Sai ta harare ni ta ce, "Ragon miji. In ka koma ka sara." Ta jawo kwanon fura ta tura mini.