Tsakanin "Ya" da "Shi"

Wata dattijuwa a Sabon Birni ta wuni tana jiran ɗanta, wanda ya taso daga Sakkwato ta hanyar Isa, hanyar da 'yan bindiga suka sa matafiya ba sa binta da kwanciyar rai. Bayan magariba saƙo ya shigo wayar jikarta daga wani ɗan'uwa mazaunin Kano: "Allah ya kawo shi lafiya."

Yarinyar ta daka tsalle. "Inna, Baba ya iso!"

Dattijuwar ba ta motsa daga tabarma ba. Ta ce, "Ɗiyata, labari anka aiko ko addu'a?"

Tambayar ta taɓo wani giɓi a rubutun daidaitacciyar Hausa. A shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, "ya" dogon wasali gare shi da karin sama. A lokaci umartau kuwa gajere ne mai karin ƙasa. Kunne yana bambanta su, amma ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka abin da ya auku da abin da ake fata suka zama kamanni ɗaya a takarda. Bagobiri ba ya faɗawa wannan ruɗani, domin cewa zai yi "Allah shi kawo shi lahiya." Da "shi" yake roƙo, da shi yake shakka: "da wuya shi iso yau."

Sifaniyanci ya raba su a jikin aikatau: "llegó" na nufin ya iso, "ojalá que llegue" kuwa fatan isowa ne, kuma "ojalá" gado ce daga Larabcin Andalus, mai ɗauke da sunan Allah a cikinta. Da wannan sigar ta fata suke umartar wanda ake girmamawa, su ce "siéntese" maimakon "siéntate", kamar yadda Bahaushe kan ce wa babba "a zauna."

Littattafan nahawu, daga na Galadanci (1976) zuwa na Newman (2000), sun bayyana bambancin sigogin. Abin da ya rage wa masu nazari shi ne auna nauyinsa a saƙon waya, inda babu murya.

Dattijuwar ba ta runtsa ba. Da hantsi ɗan ya yi sallama. A Isa ya kwana, don direba ya ƙi tafiyar dare. Sai a lokacin ta ja wasalin: Allah ya kawo shi.