Uba Ya Zauna Da 'Ya'yansa Wajen Kiɗa Da Kallo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, da dukan mai ƙananan yara a gida, wani abu da ya same ni, ko wani ya tsinci abin amfani a ciki.

Ni dai akawu ne, 'ya'yana uku. Babban shekararsa takwas, ƙanwarsa biyar, auta kuwa tana goye. Wata rana na komo daga ofis a gajiye, na kishingiɗa na sa waƙar Alhaji Mamman Shata a wayata. Ban ankara ba sai na ji yaron nan ya ce, "Baba, wane ne wannan tsoho mai surutu? A sa mana ta Indiya mana." Jama'a, maganar nan ta soke ni ƙwarai. Gama ina ɗan shekara goma a 1999 sa'ad da aka ba da labarin rasuwar Shata a rediyo, na kuwa ga yadda mahaifina ya ajiye cokali, bai ƙara kai loma baki ba a daren nan. A makarantar mishan an koya mana waƙoƙin Turawa, mun kuwa ji daɗinsu, amma in mun komo gida kaset ɗin tsoho mu ke tararwa, yana ji yana yi mana bayani. Ga shi yau jikansa bai san ko sunan mutumin ba. Da na yi tunani sai na ga ba laifin yaro ba ne. Ni ne na ke miƙa masa waya don ya bar ni in huta, ban taɓa tambayar abin da ya ke kallo ba.

To, sai na yi abin da mai fushi ya kan yi. Na kafa doka, kowane dare bayan tuwo a zauna a ji waƙar mutanen da. Na fara da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, domin shi na fi so duk cikinsu. Ashe na manta Hausarsa ta Gobirawa ce, mai zurfi, wadda ni kaina sai na maimaita baiti sau uku kafin in kama. Kwana uku ana haka, yara suka mai da lokacin nan kamar na shan maɗaci. Wannan ya ce cikinsa na ciwo, waccan ta yi barcin ƙarya. Uwarsu ta dube ni ta ce, "Maigida, ai ba a koya wa yaro cin tuwo da ƙashi." Na ga gaskiyarta, na janye dokar.

Abin da doka ta kasa, wani makaɗin kalangu ya yi shi a gidan biki. Yaron ya tsaya yana kallon yadda ya saƙale kalangu a hammata, in ya matse igiyoyin sai murya ta hau, in ya saki ta sauka. Na raɗa wa makaɗin sunan yaron, sai ya kira shi da kiɗa, bai buɗe baki ba. Yaro ya zabura ya ce, "Baba, gangar nan ta san sunana!" Na ce masa Hausa tana da hawa da sauka a kowace kalma, shi ya sa kalangu ya ke iya kwaikwayonta, kuma irin wannan kiɗa ne ke bayan tsohon nan da ya kira mai surutu. A daren nan shi da kansa ya ce a sa masa Shata, ya kasa kunne yana neman inda kalangu ke magana.

Daga nan na gane ta wace ƙofa a ke shiga. Na nuna musu hoton Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, riƙe da kuntiginsa, ɗan ƙaramin abu mai tsarkiya ɗaya. Muka samo gwangwani da sanda muka yi namu, ko da ya ke muryarsa ta fi kama da kukan kwaɗo. Waƙarsa ta Karen Mota ta sa yaron ya tambaye ni ko me ya sa a ke kiran mutum kare, muka daɗe muna maganar masu aikin wahala da ba a girmama su. Uwarsu kuma ta kife ƙwarya a cikin ruwa, ta nuna wa yarinyar yadda mata ke kiɗan amada irin na Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Amma ina gargaɗin 'yan'uwa, ba kowace waƙar manya ce ta dace da kunnen yaro ba. Akwai zambo, akwai habaici mai nauyi, har da batsa a wasu. Tsufan waƙa ba ya wanke ta. Sai uba ya fara ji shi kaɗai tukuna, sa'an nan ya zaɓa.

Wannan gargaɗi ni kaina ban bi shi ba wajen kallo, na kuwa sha kunya. Na samo fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, na tara su da murna, ina cewa yau za su ga tarihi. Na manta labarin na yaro ne da aka sace tun yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, uwarsa ta bi sawunsa har ƙetaren hamada, ita ma ta faɗa cikin bauta. Babban ya zauna shiru har ƙarshe, ya yi mini tambayoyi masu ma'ana a kan yadda a ke sayar da mutum kamar akuya. Amma yarinyar, mako guda tana farkawa da dare tana kuka, wai za a zo a sace ta. Abin da ya zama ilimi ga ɗan shekara takwas ya zama firgita ga 'yar shekara biyar, laifin kuwa nawa ne ba na fim ba.

Tsofaffi sun ba mu labarin majigi, yadda a zamanin Turawa mota ta kan zo gari a kafa farin ƙyalle a fili da dare, a nuna hotuna, ga wani mutum tsaye a gefe yana bayani da Hausa don kada jama'a su yi wa abin mummunar fahimta. Yau majigi ya shiga aljihun kowa, finafinan Kano da na Indiya da aka mayar Hausa da katun duk suna cikin waya guda, amma mai bayanin nan babu shi. A ganina wurinsa ne uba da uwa ya kamata su tsaya. Rabin sa'a kawai bayan cin abinci ta isa, in dai a na yi kullum.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda ya fi mini wuya. Yara suka ce tun da sun ji nawa, sai in zauna in kalli nasu. Na zauna ina ƙunƙuni a zuci, sai ga ni ina dariya tare da su. Cikin katun ɗin nan na sami wanda ke koyar da ƙidaya da taimakon juna, na kuma sami wani da yara ke yi wa manya rashin kunya a na tafi. Wannan na biyu na hana, na kuma faɗi dalili, ba su yi gardama ba domin sun ga na kalla da idona. Da ban zauna ba, da ko dai na hana duka, ko in bar duka.

Har yanzu yaron bai son Narambaɗa, na kuwa daina matsa masa. Mai yiwuwa ne in ya yi gemu ya neme shi da kansa, mai yiwuwa kuma ba zai nema ba. Abin da na ke so kawai kada ya tashi baƙo a cikin harshen iyayensa. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma ni na ƙara da cewa in an matsa da ƙarfi karyewa ya ke yi.

Ina roƙon malaman makaranta da masu 'ya'ya da suka fi ni daɗewa a wannan aiki su rubuto su gaya mana waɗanne waƙoƙi da finafinai suka gwada a gidajensu, da shekarun yaran da suka dace da su, domin mu ƙaru da juna. Iyakar maganata ke nan. Allah ya shirya mana zuriya, amin.

Haza wassalam.

Ni ne naku,
Wani Akawu, Zariya.