Yadda Kwanukan Abinci Suka Ceci Kwamfutarmu

Tun shekarar 2015 aka mayar da jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta kwamfuta. Saboda haka malaminmu ya shirya mana wata manhaja ta gwaji, ya ɗora ta a kan uwar kwamfutocin ɗakin karatunmu. Da safe takan yi gudu kamar barewa. Kafin la'asar sai ta soma jan ƙafa, can sai ta tsaya cik. Ga shi saura mako biyu a yi mana gwaji.

Malam ya ce yoyon ƙwaƙwalwa ne. Manhajar takan kamfato wuri mai yawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ajiye kamar rumbu. Duk ɗalibin da ya shiga sai ta gutsura masa, in ya fita ta karɓe. Ya ce manhajar Apache ma da irin wannan rumbu take aiki. Wahalar ita ce, in an kashe manhajar takan mayar da rumbun dungum, sai abin bincike ya nuna babu abin da ya ɓata.

Nan na tuna da bara, lokacin da nake kula da kwanukan ɗakin cin abinci. Sun yi ta raguwa, har sai da muka rubuta sunan gida a gindin kowanne, muna ƙirgawa fita da shiga. Mahaifina, dillali a kasuwar Maigatari, yakan ce wanda bai ƙirga awaki da safe ba, ba ya sanin ɓata da yamma.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko za a sa wa kowane aro suna?"

Ya yi shiru, sannan ya zauna ya rubuta. Kwana biyu muna lura. Ranar farko an ara 140, an mayar da 95. Ashe da an kaɗa ƙararrawar abinci sai mu ruga ba mu danna "fita" ba, rabonmu ya maƙale. Sunan da ya fi yawa a jerin kuwa nawa ne! Kunya ta rufe ni.

Malam ya gyara: wanda ya yi shiru rabin sa'a, a karɓe rabonsa. Ranar gwaji kwamfuta ta kai magariba lafiya lau.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da kuka ara, ko cokali ne, ku mayar.