Darasin Ƙotar Garma a Dirin Daji

A farkon daminar bana, bayan ruwan shuka ya sauka sau biyu, na tashi daga Birnin Kebbi da sassafe na nufi Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru. Duk wanda ya saba bin wannan hanya, ta Jega da Koko da Mahuta zuwa Dabai, ya san yadda ƙasa take sauya kama a gaban idonsa. Shimfiɗaɗɗen filin ƙasar Gwandu yakan ja baya sannu a hankali, duwatsu su fara leƙowa, itatuwa su ƙara kauri, jar ƙasa mai tsakuwa ta maye gurbin rairayi. Daga Zuru kuma sai mutum ya gangara kudu, wajen iyakar jihar Neja ta ɓangaren Rijau, ya iske garin.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mijin ƙanwata ya rasu bara, ya bar mata 'ya'ya biyar da gonaki biyu. Babbar gonar tana can cikin daji, inda matsalar 'yan bindiga ta hana mutane da yawa zuwa, sai ƙaramar da ke bayan gari ta rage. Shanun huɗa an sayar da su wajen jinya. Ke nan tuwon gidan na shekara guda ya rataya a kan ƙugun babban ɗanta, yaro ɗan shekara 16, dogo siriri, wanda bai taɓa yin huɗar gona guda shi kaɗai ba.

Ni da na bar noma tun ina makarantar sakandare, na ga ya kamata in yi abin da kawu yake yi. A wata kasuwa da muka ratsa a hanya na tsaya wurin masu sayar da kayan noma, na zaɓi garmar da ta fi kowacce faɗin ruwa da tsawon ƙota. A tunanina, babbar garma ita ce babbar kyauta, kuma ita za ta gama gona da wuri. Na miƙa wa yaron ina jin kaina, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Kawu, Allah Ya ƙara buɗi."

Ƙasar Zuru ba wurin da ake wasa da garma ba ne. A cikin al'adun Dakarkari akwai golmo, inda samari suke haɗa ƙungiya su yi ta noma a gonar iyayen yarinyar da ɗayansu yake nema, shekara da shekaru, kafin a ba shi aure. Bikin Uhola da ake yi bayan an kawar da amfanin gona shi ma godiya ce a kan abin da garma ta samar. A irin wannan ƙasa, kunyar da saurayi ya tayar ita ce shaidarsa, kuma duk mai wucewa yana karanta ta. Saboda haka yaron bai ce mini uffan ba. Ya yi kwana biyu yana fama, a rana ta uku na same shi a bakin gona zaune, tafin hannunsa duk bororo, ya kasa miƙewa sosai. Kunyoyin da ya yi kuwa sun karkace kamar sawun maciji.

Wani maƙwabcinsu ne ya ce mu kai garmar maƙera. Muka sami wani dattijo a rumfarsa a gefen kasuwa, jikansa yana masa zuga, gawayin ƙirya yana ta tartsatsi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, garmar nan muka kawo a duba mana, ko kaifi ne babu." Ya karɓa ya jujjuya ta, ya ɗaga ta da hannu ɗaya, sannan ya dubi yaron tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Malam, garma lafiyarta ƙalau. Wa aka saya wa?" Na nuna yaron. Ya yi murmushi ya ce, "To, ai ba tasa ba ce. Wannan ta ƙato ce wanda ya ninka shi nauyi."

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Dattijon bai ɗauko ma'auni ba. Ya sa yaron ya duƙa kamar yana huɗa, ya dubi inda hannuwansa suka tsaya da inda ruwan garmar ya sauka. Ya gwada ƙotar da kamun yaron, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ba da nasa kamun ba. Ya sa shi ya damƙi ƙotar don ya ga ko yatsunsa suna haɗuwa da babban yatsa. Daga nan ya yi tambayoyi uku: wace irin ƙasa ce a gonar, me za a shuka, kuma yaron shi kaɗai zai yi aikin ko da mataimaki.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koyar da ɗan firamare. Idan ƙota ta yi wa mutum tsawo, nauyin ƙasar da ruwan garma ya ɗebo yakan yi nisa da jikinsa, sai wuyan hannu da ƙugu su ɗauki abin da kafaɗa da cinya ya kamata su ɗauka, kuma bakin garmar ba ya shiga ƙasa a daidai, sai ya riƙa kankarar sama. Idan kuma ta yi gajarta, mutum yakan duƙa fiye da kima, bakin ƙarfe ya riƙa sauka kusa da yatsun ƙafarsa. Faɗin ruwa shi ma da nasa hukuncin: a jigawa mai laushi faffaɗa yana da riba, amma a ƙasa mai tsakuwa ko laka irin ta gonar nan, matsakaici mai kauri ya fi, domin abin da ake nema shi ne sara dubu da mutum zai iya maimaitawa daga safe zuwa azahar. Ya rufe da cewa, "Tsawon yaro yana ruɗin mutane. Ni nauyinsa nake dubawa da ƙarfin damtsensa."

Ya cire ƙotar, ya ɗauko wata ta marke, ya sassaƙe ta da gizago har ta zauna a hannun yaron, ya musanya mana ruwan da wani wanda bai kai shi faɗi ba. Abin da na ƙara masa bai kai kuɗin motata daga Zuru ba. Da na so in riƙe babbar ƙotar don gaba, sai ya ce, "Ajiye ta, Malam, nan da shekara uku zai neme ta da kansa."

A hanyar komawa gida maganar nauyi ta tuna mini da wani abu da na taɓa karantawa game da mutanen ƙasashen sanyi, masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara bisa wani allo guda da suke ɗaure ƙafafunsu biyu a kai. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a shekarar 1998 a Nagano ta ƙasar Japan. Tsohuwar ƙa'idarsu ta zaɓen allo ita ce a tsayar da shi a gaban mutum, kansa ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. Daga baya masu ƙera shi suka koma ba nauyin mutum muhimmanci fiye da tsayinsa, domin nauyi ne yake lanƙwasa allon har gefensa ya kama ƙanƙara. Na manya yawanci yana tsakanin santimita 140 zuwa 165. Dogo yana ba da natsuwa a lokacin gudu da faffaɗar kwana, gajere kuma yana saurin juyawa a wuri mai matsi. Wanda ya ɗauki allon da ya fi ƙarfinsa don burga, allon ne zai riƙa tuƙa shi. Wannan dattijo na Dirin Daji bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma hukuncinsa da nasu ɗaya ne: jikin mai aiki, irin ƙasar, da irin aikin.

Kada mai karatu ya ɗauka tsawon ƙota ƙaramar magana ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikatan gona sun daɗe suna kuka da wata fartanya mai gajeriyar ƙota da ake tilasta musu aiki da ita a duƙe yini guda, har maganar ta kai kotun ƙolin jihar, aka hana amfani da ita a shekarar 1975 saboda lahanin da take yi wa baya. A nan kusa da mu kuma, manoman jigawar Nijar suna noma da hauya mai doguwar ƙota wadda ake turawa a tsaye, domin ƙasarsu rairayi ce. Ko a gidajenmu, sungumin shuka dogo ne, fartanyar noman firi gajeriya ce, garmar huɗa kuma da nata awon. Kakanninmu ba su yi wannan bambanci a banza ba.

Abin da nake tsoro shi ne wannan ilimi yana ƙoƙarin kuɓuce mana. Yau kayan noma a tare ake saro su, awo ɗaya, a jibge a kasuwa, mai saye ya ɗauki wanda ya cika masa ido kamar yadda na yi. Ga shi kuma rashin tsaro da mutuwa sun sa gonaki da yawa sun koma hannun yara da mata da tsofaffi, waɗanda ba don jikinsu aka yi waɗannan kaya ba. Ina kira ga duk mai niyyar tallafa wa manoma, hukuma ce ko ƙungiya ko ɗan'uwa irina, da ya bi ta maƙerar garin, ya tafi da wanda zai yi aikin a gwada shi. Kuɗin zai zauna a garin, sana'ar ƙira ta rayu, bayan yaro kuma ya tsira. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Na ƙara kwana huɗu a Dirin Daji kafin in juyo. Ranar da zan tafi na bi ta gonar da hantsi. Yaron yana tsakiyar aiki, garmar tana tashi tana sauka a natse, kunyoyi sun miƙe sambal har bakin iyaka, ƙanensa yana biye da ƙwaryar iri. Ya ɗago ya ce, "Kawu, jibi in Allah Ya so zan gama." Babbar ƙotar tana nan rataye a zauren gidansu tana jiran lokacinta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya.