Kornaka, Garin Tambari

Wanda ya tashi daga Maraɗi ya nufi Dakwaro, sai ya ratsa Kornaka. Ƙasar rairayi ce, shimfiɗaɗɗa, ba dutse. Hatsi da wake su ne abin nomanta.

Kudu da garin akwai Gulbin Kaba. Sunan nan daga kaba ya fito, watau ganyen ƙaramar goriba da ake saƙa tabarma da igiya. Gulbi ne a suna kawai, ruwa ya daɗe da daina gudu cikinsa. Kabar ma ta ragu, don sara ya yi yawa.

Tambari kuwa babbar ganga ce ta sarautar Abzinawa. Daga gangar ne sunan ya koma kan mai mulki. A wannan gidan sarauta aka haifi Sanusi Tambari Jaku a 1940, ɗan siyasar da ya rasu a 2022.

Dā, makiyaya na ratsa dajin nan da dabbobinsu ba mai tare su. Yau gonaki sun cinye daji. Burtali kaɗai ya rage musu, shi ma wasu manoma na gutsurarsa kowace damina. Nan rigima take somawa lokacin kaka.